Duna da Daɓen Marka

Ku dai ba a zama lafiya da ku. Mutum ya wuni a tsaye, bayansa kamar zai ɓalle, da ya zauna a tabarma sai "Kaka tatsuniya, Kaka tatsuniya." Tatsuniya tuwo ce? Ke Uwani, ke ce mai bakin roƙon, kin wanke tukunyar miyar da na ce ki wanke? Ai na sani. Mu da muna kamarku ba a roƙon tsohuwa labari, jira ake sai ta ga dama. Ku matsa can, kun danne mini ƙafa. Guda ɗaya zan yi, kuma ba ta dariya ba ce, kada wani ya zo yana yi mini kuka.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Shiru? Haka aka koya muku? Ku buɗe baki ku ce, "Ta zo mu ji ta." Yawwa.

A wani gari, a gidan ƙarshe wanda daga shi sai daji, akwai wata mata ana ce mata Marka. Mijinta maharbi ne, ya rasu shekara biyu. Bai bar mata gona ba, bai bar mata sa ba. Abin da ya bari kaji ne goma sha ɗaya, da dagi, da kare. Baƙin kare ne babba, sunansa Duna, furfura ta fara fito masa a baki. Ba ta da kowa a gidan sai shi. In ta kankare ƙanzo shi take zuba wa. In ta zauna tsince wake shi take yi wa hira, yana kwance yana amsa mata.

Duna kare ne mai sanin iyakarsa. Kullum da sassafe sai ya zaga danga. Ya ɗaga ƙafa a wannan dirka, ya ɗaga a waccan, ya ɗaga a bakin ƙofa, ya ɗaga a kan hanyar da ta shiga daji. Shekara tara yana haka. Shekara tara kuma bai taɓa sa ƙafa cikin ɗaki ba.

Ana nan, sai saƙo ya zo daga 'yar Marka, Hakama, wadda ke aure a wani gari mai nisan kwana biyu. Ciki ya tsufa. Haihuwar fari ce, nan da wata guda za ta zo gida ta haihu ta yi wanka. Sai Marka ta shiga ɗaki ta dubi ƙasa. Rami nan, rami can, tururuwa na fita. Ta ce, "A nan zan kwantar da jikana? A nan dangin mijinta za su zo su zauna ranar suna? Wallahi sai an yi daɓe."

To, a garin nan ka'idar daɓe biyu ce. Mai ɗaki ita ke ɗebo tsakuwa da kanta daga ramin hayin rafi, sannan mata su zo gayya su buga mata. Ta biyu kuma, daɓen gayya ba a fasa shi. Wadda ta fasa abin da hannun mata ya buga, ta zage su ke nan, ba mai ƙara taka gidanta, ko biki ko rasuwa.

Marka kuwa ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta. Damina ta fara, rafi ya kawo ruwa. Kuma ita ba mai cewa a taimake ta ba ce.

Ran nan ta shiga daji itace, tana tafe tana maganar tsakuwa ita kaɗai. Sai ga Dila a gindin sabara. Shi kuwa Dila shekara tara yana ƙirga kajin Marka daga nesa, Duna ya hana shi ko gashi ɗaya.

Ya ce, "Sannu da aiki, matar maharbi. Na ji kina zancen tsakuwa."

Ta ce, "Ina ruwanka?"

Ya ce, "Ba ruwana. Gwiwarki ce ta ba ni tausayi. Ga tsakuwa nan bayan dutsen can, taku ɗari, fara tas, mai laushi. Ba rafi, ba tudu. Amma je ki hayi, tunda ka'ida ce."

Sai ya wuce abinsa.

Marka ta zaga bayan dutse. Ga fili nan fari fat, kamar an barbaɗa gari. Ta sunkuya ta damƙo. Matar maharbi ce, hancinta ya ɗan gaya mata wani abu. Sai gwiwarta ta fi hancinta baki. Da rana tsaka, mutane na gona, ta yi gammo ta ɗauki kwando. Sawu bakwai ta yi.

Tun kwandon farko Duna ya miƙe a tsakar gida, gashin bayansa ya tashi.

Ya ce, "Uwar gida, mene ne wannan?"

Ta ce, "Tsakuwa ce. Aikin mata ne, ba ruwan kare."

Sai ya koma gindin rumbu.

Ranar gayya mata suka cika gida, kowace da madaɓinta. Uwar daɓen garin wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, shekara arba'in ba a buga ɗaki ba tare da ita ba. Ta damƙi tsakuwar ta murza.

Ta ce, "Marka, wannan daga ina?"

Marka ta ce, "Daga hayi mana, Iya. Can ƙasan ramin na tona."

"Da wannan gwiwar taki?"

"Da ita."

Mata suka yi guɗa. Aka baza, aka yayyafa ruwa, aka durƙusa aka fara bugu, ana waƙa:

Daɓe, daɓe, ƙasa ki kwanta,
Baƙo na tafe, ba shi da haƙori.
Daɓe, daɓe, ƙasa ki yi sanyi,
Mai zuwa bai iya tafiya ba.

Aka buga har la'asar. Aka shafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, Iya Tasalla da tafin hannunta ta bi ko'ina. Da ya bushe sai ga daɓe yana ƙyalli kamar bayan ƙwarya. Iya Tasalla ta ce, "Tunda nake, hannuna bai taɓa fitar da irin wannan ba." Mata daga unguwar yamma suka riƙa zuwa kallo. Marka ta kumbura, har tafiyarta ta canza.

Kwana uku aka buɗe ɗaki ya sha iska. Marka ta dawo daga rijiya, ta shiga, sai ta ga kusurwa huɗu a jiƙe. Zarni ya daki hancinta. Ga Duna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Duna! Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne."

"Shekara tara ba ka shiga ɗakin nan ba, sai yau da ya zama abin kallo? Tsufa ne ya taɓa maka kai?"

Ya ce, "Uwar gida, akwai kura a ɗakin nan."

Ta waiga, ta duba bayan gado. Ta ce, "Ina take?"

Ya ce, "Kina tsaye a kanta. Ƙasar nan daga makewayinta aka ɗebo. Farin nan da kike gani ƙashin da ta ci ne. Ita ta rubuta sunanta a nan, ni kuma ina rubuta namu a kai, don in ta biyo ta san an riga ta. Ki fasa daɓen, ki fitar da ƙasar, ba za ki ƙara ganina a ɗaki ba."

Marka ta dubi ƙasan ɗakin. Ta tuna guɗar mata. Ta tuna "Da ita" da ta ce wa Iya Tasalla.

Ta ce, "Daga hayi na ɗebo."

Duna ya ɗago ya dube ta. Ya koma gindin rumbu.

Ta wanke kusurwoyin da ruwa, ta ja asabari. Washegari ta je wanki, ta dawo ta tarar ya ture asabarin. Kusurwa huɗu a jiƙe.

Ta zauna bayan danga ta haɗa kai da gwiwa. Saura kwana ashirin Hakama ta iso. Ɗakin mai jego da fitsarin kare, wa zai yi salla a ciki? Ko dai kare ya daina, ko kare ya bar gidan. Ita kuwa in ya bar gidan, da wa za ta zauna?

Sai ga Dila ta kafar danga.

Ya ce, "Lafiya, matar maharbi?"

Ta gaya masa, ba ta faɗi maganar kura ba.

Ya ce, "Raini ne. Maigida ya mutu, kare ya ga mace. Samo tsumagiyar tsamiya, ki kai shi wurin, ki danna hancinsa a ciki, ki zane shi."

Sai ta samo tsumagiya. Ta ja shi ta wuya har ɗaki, ta danna hancinsa, ta zane shi har hannunta ya gaji. Bai yi gurnani ba, bai gudu ba. Da ta gama ya lashi ƙafarsa, ya ce, "Uwar gida, ki fasa daɓen."

Washegari kusurwa huɗu a jiƙe.

Ta koma bayan danga. Sai ga Dila.

Ya ce, "Bai ji ba? To hancin ne ke jan sa. Daka barkono, ki zuba a kowace kusurwa."

Sai ta daka barkono rabin ƙwarya, ita kanta tana atishawa. Ta zuba. Ta laɓe bayan rumbu tana kallo. Duna ya zo ya tsaya bakin ƙofa. Ya ji barkonon, ya san abin da aka yi. Sai ya shiga. Ta ji atishawa, ta ji tari, ta ji yana karo da gado. Can ya fito, idanunsa sun kumbura sun rufe, hancinsa na ɗigar jini. Ya lalubo randa da ƙafa, Marka ta zuba masa ruwa.

Ta ce, "Don me kake yi mini haka? Ni ce fa nake ba ka ƙanzo."

Ya ce, "Shi ya sa. Uwar gida, ki fasa daɓen."

Ta shiga ta duba. Kusurwa huɗu, bai tsallake ko ɗaya ba.

Ran nan Marka ta yafa mayafi ta tafi gidan Iya Tasalla. Aka gaisa, aka taɓa zancen ruwa da shuka. Can ta ce, "Iya, na ce ba, a ce mace ta ga wani aibu a daɓenta..."

Iya Tasalla ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, "Wane aibu?"

"A'a, misali ne."

"Daɓen da ni na shafa?"

"Misali ne, Iya."

"To ki bar misalin nan a bakin ƙofa. Ina yarinya wata ta fasa nata, wai ta ga tsaga. Ranar da ta mutu sai 'yarta ce kaɗai ta yi mata wanka, ba wadda ta riƙe mata ko buta. Kin ji ƙarshen misali."

Marka ta ce, "Na ji, Iya." Ta sha ruwa, ta tashi.

Gaskiya tana bakinta a lokacin. Da ta ce, "Iya, na yi ƙarya, ba daga hayi na ɗebo ba," da an zage ta kwana uku, an yi mata waƙa a bakin rijiya, a wuce wurin. Amma ta haɗiye ta.

Tana isowa bayan danga, Dila na zaune yana jiran ta.

Ya ce, "Saura magani ɗaya, shi ba ya ƙarya. Abin da ake yi wa bunsuru ya daina wari, ya daina tsalle. A dandaƙe shi. Ba duka, ba kora. Ga karenki, ga daɓenki."

Ga karenki, ga daɓenki. Maganar nan ita ta kwana da ita, ita ta tashi da ita.

Akwai wani mutum mai dandaƙar awaki a kasuwar garin. Ta kira shi. Ya ce shi bai taɓa yi wa kare ba. Ta kama zakara ta miƙa masa, sai ya tuna ashe ya taɓa. Ya zo da sassafe da ɗan itacensa da guduma.

Duna ya ga mutumin, ya ga gudumar. Yana iya tsallake danga, ba wanda zai cim masa. Bai tsallake ba.

Ya ce, "Uwar gida, karo na huɗu ke nan, kuma ba zan ƙara ba. Ki fasa daɓen."

Ta ce, "Ba zan iya ba, Duna."

Ya ce, "To."

Mutumin ya ce sai an riƙe masa kai, kada ya cije shi. Ita ta riƙe, don ita kaɗai ce ba zai ciza ba. Ta rungume kansa a cinyarta, ta kau da fuska. Ƙara ɗaya ya yi.

Magani kuwa ya ci. Kada ku ce bai ci ba. Kwana bakwai Duna na kwance gindin rumbu. Da ya tashi bai ƙara kallon ɗakin ba. Ta bar asabari a ɗage, ta je rijiya ta dawo, ɗaki a bushe. Ta je kasuwa ta dawo, a bushe. Ta turara shi da turaren wuta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

Sai dai da sassafe bai ƙara zaga danga ba. Ba dirka, ba bakin ƙofa, ba hanyar daji. In fitsari ya matse shi sai ya tsuguna nan inda yake kamar kwikwiyo, ya koma ya kwanta. Aka yi ruwa, aka sake yi, aka sake yi. Ruwa uku ya wanke duk abin da ya rubuta a shekara tara.

Kaza ɗaya ta ɓace. Wata ta bi ta. Ta uku Marka da idonta ta ga Dila ya shigo ta ƙofa, ba ta kafa ba, ya ɗauka ya fita yana tafiyar ƙasaita.

Ta ce, "Duna, ba ka gani ba?"

Ya ce, "Na gani."

Ya mayar da kansa kan ƙafafunsa.

Hakama ta iso a kan jaki. Kwana huɗu ta haifi ɗa namiji, lafiya lau, a kan daɓen nan mai ƙyalli. Marka ta shiga hidima. Tafasa ruwan wanka, yanko ganye, dama kunun kanwa. Ba ta da lokacin kallon gindin rumbu.

Ranar da jariri ya kwana shida, mata suka zo dakan suna. Da hantsi ne, maza duk suna gona. Turmi uku na tashi a tsakar gida, Iya Tasalla na zaune a kan kujera tana ba da umarni. Sai taɓare suka tsaya, ɗaya bayan ɗaya.

Kura ce a bakin ƙofa. Ƙatuwa, cikinta a cike, hancinta a ƙasa.

Ta ce, "Salamu alaikum, masu aiki. Kada ku tashi. Wurina na zo."

Ta ratsa tsakanin turame, ba ta kalli kowa ba. Ta shiga ɗakin mai jego. Hakama na kan gado, jariri na kan tabarma a ƙasa an gama yi masa wanka. Kura ta zagaya sau biyu, ta kwanta kusa da tabarmar, kanta taku ɗaya daga ƙafar yaron. Hakama ta miƙa hannu, bai kai ga yaron ba. Mata na riƙe da taɓare, amma wa zai kai duka, ga jariri a bakinta?

Marka ta tsaya a ƙofa. Ta ce, "Me kike nema a ɗakina?"

Kura ta ce, "Ɗakinki? Wata guda ke nan ina neman ƙasata. Kwando bakwai aka kwasa daga makewayina, bayan dutse. Na biyo sawu har dangar nan, na ji sunan wani a kai, na koma. Na sake zuwa, na ji shi, na koma. Yau na zo ban ji kowa ba. Inda ƙasata take nan ne gidana. Kada ki damu, yau a ƙoshe nake. Gobe ce ban sani ba."

Iya Tasalla ta buɗe tafin hannunta tana kallo.

Ta ce, "Makewayin kura. Da hannun nan na shafa shi. Da bakin nan na yi masa waƙa."

Marka ba ta waiga ba. Ta ce wa Kura, "Me zai fitar da ke?"

Kura ta yi hamma. Ta ce, "Dokar daji ɗaya ce. In akwai namiji a gidan nan da zai sa sunansa a kan nawa, sai in tashi."

Sai Marka ta ruga gindin rumbu. Ta zube a kan matattun gwiwoyinta gaban kare, gaban matan gari duka.

Ta ce, "Duna, tashi. Don Allah tashi. Shiga ɗakin nan ka yi fitsari. Kusurwa huɗu, tsakiya, kan gado, duk inda kake so."

Ya dube ta. Ya daɗe yana duban ta. Sannan ya miƙe a hankali, ya taka har ɗaki. Ya wuce ta gaban Kura, ya je kusurwar farko. Ya yunƙura zai ɗaga ƙafa, ƙafar ta ɗan tashi, ta sauka. Ya sake yunƙurawa. Sai ya tsuguna.

Kura ta miƙa wuya ta shinshina. Sai ta tuntsire da dariya, irin dariyar nan tasu.

Ta ce, "Wannan ai ruwa ne. Babu sunan kowa a ciki."

Duna ya fito, kansa na jan ƙasa. Ya wuce ta gefen Marka, ya koma gindin rumbu.

Marka ta tashi. Ta shiga zaure ta ɗauko dagin mijinta da kwando. Ta ce wa Kura, "Ƙasarki kike so? Za ki same ta."

Ba ta fara daga ƙofa ba. Ta fara daga gindin tabarmar jariri. Ta kafa dagi, daɓen ya tsage. Ta kwashe, ta ce, "Nan ba naki ba ne yanzu, matsa." Kura ta matsa. Da ta samu fili sai ta sure yaron ta miƙa wa uwarsa. Ta ci gaba da sara. Sara ɗaya, Kura ta matsa taku ɗaya. Daɓen da aka buga da kyau ba ya fasuwa da sauƙi, kuma wannan an buga shi da kyau. Tafin hannunta ya saɓule. In kwando ya cika ta fita da shi bayan danga ta juye, ta dawo. Mata na tsaye suna kallo. Ba wadda ta ɗora mata, ba wadda ta sauke mata.

Da azahar ta wuce, saura ɗan abin da ke bakin ƙofa. Ta sare shi. Kura ta tashi ta miƙe, ta fita, ta je ta hau kan tarin.

Ta ce, "Yanzu a mayar inda aka ɗebo."

Sawu bakwai Marka ta yi zuwa bayan dutse, Kura na bin ta a baya tana shinshina ko wani abu ya zube. Da ta dawo daga na ƙarshe, tsakar gida ba kowa. Mata sun kwashe taɓarensu. Hatsi na cikin turmi, rabi a dake.

Washegari aka raɗa suna a bakin zaure, maza biyar. Ba guɗa, ba kiɗan ƙwarya. Dangin mijin Hakama suka leƙa ɗaki, suka ga ƙasa a tone kamar gonar rogo. Suka ji labari a bakin rijiya. Ba su bari ta yi arba'in ba. Kwana uku suka ɗora ta a jaki da ɗanta, tana kuka, suka tafi.

Gida ya koma na su biyu, Marka da Duna.

Marka ta share ɗaki. Ta jiƙa toka da tsamiya ta goge gindin bango, ta bari ya bushe, ta sake gogewa, har ko ita ba ta jin komai. Da la'asar ta kankare ƙanzo, ta zuba masa romon kazar da ta rage, ta kai gindin rumbu. Ta zauna a ƙasa kusa da shi.

Ta ce, "Duna, na fasa. Ka gani, na fitar da ita duka."

Ya ci abincinsa.

Ta ce, "Kai ka yi gaskiya. Bayan dutse na ɗebo. Tun ranar na sani."

Ya lashe kaskon.

Ta ce, "Duna, ka ce wani abu mana. Ko zagina ne ka yi."

Ya ɗago ya dube ta. Ya buɗe baki. Abin da ya fito haushi ne, guda ɗaya, a dushe. Ya kwantar da kai.

Shekara uku suka ƙara tare a gidan nan. Tana ba shi, yana ci. Tana yi masa hira, yana kallon ta. Kalma ɗaya bai ƙara furtawa ba har ya mutu, kuma daga kansa kare ya daina magana da ɗan Adam. Sau huɗu aka faɗa, ba a ji ba, to na me ne na biyar?

Saboda haka ku ji ni da kyau. Babban kare da ya san gida ba ya ɓata ɗaki don iskanci. Wani abu ya ji wanda ku ba ku ji ba. Kafin ka ɗauki bulala, ka sunkuya ka nemi abin da aka shigo da shi, ko buhu ne, ko takalmin baƙo, ko ƙasar wani wuri. Ka fitar da shi, ka goge gurbin da toka, ka rufe ɗakin, ka bar kare ya zaga dangarsa. Kuma ƙaryar da za ka gyara da zagin kwana uku, kada ka bari ta kai ka ga guduma.

Ƙurunƙus, kan kusu. In da ƙarya a ciki, ba ni na sa ta ba, haka na same ta.

Kai kuma mene ne na jan hanci? Share fuskarka. Ku tashi ku kakkaɓe tabarmar nan, kowa ya zaga bayan gida tukuna, ba na son in tashi in tarar da shimfiɗa a jiƙe. Ku wuce ku kwanta. Wanda na ƙara jin bakinsa, shi zai share gidan nan gobe shi kaɗai.